Agarar Amsatu

Na daɗe ina cewa zan rubuta wannan, sai in ɗauki alƙalami in sake ajiyewa. Yanzu da ƙanwata Amsatu ta jefar da sanda tana taka ƙasa da ƙafarta, na ga gara in rubuta tun ban fara yi wa kaina sassauci ba. Sunana Fanna, ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a nan Gure, kuma ni ce babba a ɗakinmu. Wanda duk yake da mai yawan dauriya a gidansa, saboda shi na zauna yin wannan rubutu.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana garka a cikin kwari. Wanda bai san ƙasarmu ba sai ya hau tudun rairayi ya ga babu komai sai fari ƙal har iyakar ido, sannan ya leƙa ƙasa ya ga dabino da goriba da albasa sun yi kore shar kamar an ɓoye su. A cikin garkar akwai wani kututturen dabino da iska ta kayar tun muna yara, ya kwanta daga bakin rijiya zuwa gindin lemo. Mu duka mun hau shi mun faɗo. Amsatu kaɗai ce take bin sa da ido a rufe, ta je ƙarshe ta juyo da baya da baya, tana 'yar shekara biyar. Inna tana ihu tana cewa za ta karye, ita kuwa ko a jikinta.

Tana da shekara bakwai Kawu ya tafi da ita Yamai don karatu. A can wani mushe, wato malamin lakwal, mai koyar da motsa jiki ya gan ta tana tafiya da hannu a filin lakwal, ya bi ta har gida. Daga nan magana ta yi ta hawa, har ta kai ga an nemi a tura ta Faransa wurin wata mata da ke horar da 'yan mata wasan da ake kira jimnastik. Inna ta ƙi, ta sake ƙi, daga baya Kawu ya shawo kanta. Amsatu ta tafi tana da shekara goma. Ita matar, har yau Madan muke ce mata, don haka muka ji Amsatu tana kiranta.

Shekara goma ta yi a hannun Madan. Abu huɗu ake yi a wasan: a sheƙo da gudu a daki wani teburi a wuntsila, a yi lilo tsakanin sanduna biyu, a yi rawa da alkafura a fili, sai kuma katako. Katakon nan dogo ne, an ɗaga shi sama ya kai ƙirjin mutum, faɗinsa kuwa bai wuce tafin hannuna ba. A kansa Amsatu ta yi suna. Ta je ƙasashen da sai a taswirar ajina nake ganinsu, tana shiga fili da tutar ƙasarmu a kafaɗar rigarta, rigar da ta roƙa aka ɗinka mata har idon sawu saboda bakin mutanen gida. In ta zo hutu nakan kama hannunta in duba, duk kanta ne da tsaga, ya fi na masu jan guga tauri.

Mu kuwa a waya muke kallonta. Mukan taru a ƙarƙashin rumfa, ni da Inna da maƙwabta, mu jingina wayar da kwano. Reso ɗinmu, wato sabis ɗin waya, kun san halinsa. Sau da yawa sai ta tashi sama, ƙafafu a miƙe, kai a ƙasa, sai hoton ya tsaya cak. Ta rataye a iska, fitilu a bayanta, babu abin da ke riƙe da ita. Mu zauna shiru muna kallo, kaji suna wucewa ta gabanmu, ita tana can sama ba ta sauko ba. Inna takan dafe ƙirji ta ce, "Fanna, ki sauko min da ita." In ɗaga wayar in juya gabas in juya yamma har reso ya dawo. Sai mu gan ta a ƙasa tsaye, hannuwa biyu a sama, tana murmushi.

Wannan murmushin nake so ku riƙe. A wasansu, duk yadda aka sauko, ko ƙafa ta gurɗe ko haƙori ya datse harshe, dole a tsaya cak, a ɗaga hannu, a yi wa alƙalai murmushi. Tun tana shekara goma ake tsayar da ita gaban madubi tana koyon sa. A gidanmu kuma wani horon ne mai kama da shi. Inna ta haife mu mu biyar ba wanda ya taɓa jin nishinta, kuma har gobe da wannan ake yabonta a dangi. Amsatu ranar da aka huda mata kunne ba ta yi ko uhum ba, aka yi ta cewa jinin uwarta ne. Ni kaina da bakina na sha yi mata kirari da haka.

A shekarar da abin ya faru ta ci lambar tagulla a kan katako a wata gasa ta ƙasashen Afirka, wannan kuma ya buɗe mata ƙofar gasar duniya da za a yi bayan wata huɗu. Abin da take nema ke nan tun tana ƙarama. Madan ta ba ta sati biyu ta zo ta ga gida. Ta iso lokacin yankan dabino, gari duk ƙamshinsa.

Kwana uku da zuwanta mata suka cika gidanmu da la'asar, 'yan barka da zuwa. Ana ta zagaya lambar hannu zuwa hannu, wata har da gwada ta da haƙori. Sai maƙwabciyarmu Hajiya Kubura ta taɓe baki ta ce, "Ni fa ban yarda ba. Yanzu waya ba abin da ba ta haɗawa. Mutum ya tashi sama kamar balbela? Haɗi ne."

Ni kuma Allah ya yi ni da saurin hawa. Na ce, "Amsatu, tashi ki nuna musu."

Ta ce, "Yaya, ban ɗumama jiki ba. Kuma rairayi ne."

Na ce, "A kan rairayin kika koya. Tashi, guda ɗaya kawai."

Ta dube ni, ta dubi matan, ta miƙe. Ta ɗaure gyalenta a ƙugu kan wandonta, ta ja baya har bakin randa. Ta sheƙo, ta dafa ƙasa, ta wuntsila, ta tashi. Wallahi na ga ƙafafunta sun wuce tsayin katangarmu. Da ta sauko sai na ji wani ƙara, tas, irin na busasshen kara in an taka. Na waiga ina neman abin da ya karye. Da na juyo, tana tsaye cak, hannuwa a sama, tana murmushi. Mata suka ɗauki guɗa. Hajiya Kubura ta riƙe baki ta ce ta tuba. Ni kuwa kaina ya yi girma, ban ma lura da yadda ta ja ƙafar hagu ta shige ɗaki ba.

Washegari bayan ƙafar ya kumbura, ya yi baƙi-baƙi har dunduniya. Ta ce targaɗe ne, ta saba. Muka shiga gashi da ruwan zafi da kanwa safe da yamma, Inna tana murza mata man shanu. Masu shawara kuwa ba a gayyatar su. Wata ta ce baki ne ya kama ta, a daina nuna lambar. Wata ta ce a ɗaura ganyen tumfafiya. Kawu ya kira daga Yamai ya ce a yi hoto. Inna ta ce a kira Baba Girema, wani tsoho mai ɗori daga wajen Bune da ke zuwa cin kasuwar Gure.

Nan na taka wa Inna birki. Na ce ƙafar da Turawa suke auna ta da na'ura ba za a miƙa wa mai ɗorin raƙuma ba. Na faɗa da ƙarfi, gaban mutane, da irin muryar da nake yi wa 'yan aji. Inna ta ci gaba da murza man shanunta.

Rana ta huɗu na kai ta gidan likita. Muka bi layi tun hantsi har azahar, aka yi mata hoton da muke kira radiyo. Majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya ɗaga hoton a taga, ya duba, ya ce ƙashi lafiya lau. Ya tambaye ta, "Kina iya tafiya?" Ta miƙe ta taka daga kujera zuwa ƙofa ta dawo. Ya ce, "Da zafi?" Ta yi masa murmushin nan ta ce kaɗan. Ya rubuta mana ordinas, takardar sayen maganin zafi da na shafawa da bandeji. Ban ɗora masa laifi ba, mutum wajen hamsin ne a bayanmu, kuma abin da muka nuna masa shi ya gani. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne radiyo ƙashi kawai yake nunawa. Na dawo gida ina kaɗa hoton kamar takardar cin jarrabawa, har na nuna wa Inna na ce, "Kin gani?"

Sati na biyu kumburin ya saɓe, zafin ma ya ragu, kowa ya ce an samu sauƙi. Tana cin tuwonta, tana dariya, tana yi wa yara kitso. Mu a wurinmu ciwon da ya bar mutum ya ci abinci ya yi hira ai ya kama hanyar tafiya. Amma tafiyarta ta canza. Takan ajiye ƙafar gaba ɗaya, daɓas, sannan ta jawo ta. Ranar da muka so zuwa garka ta kai rabin tudu ta ce ta fasa, rana ta yi zafi.

Ranar da ya kamata ta koma na ji ta a bayan ɗaki tana waya da Madan da Faransanci. Ta ce mahaifiyarta ce ba lafiya, tana roƙon ƙarin kwanaki. Inna kuwa ga ta can tana daka. Na ji, na gane ƙarya ce, na yi shiru. Gaskiyar magana daɗi na ji, don shekara goma ban samu ƙanwata ta wuce sati biyu a gabana ba. Da rana in mun kishingiɗa a rumfa takan ba ni labarin yadda sama take. Ta ce in ka tashi, ƙarar mutane takan ɗauke ɗif, ka ga rufi, ka ga fitila, ka ga bango ya wuce a hankali, sannan katako ya taho yana neman ƙafarka. Ta ce a nan ne kawai ba ta kewar gida. Ina sauraro ina lumshe ido, har in ji kamar ni ma tabarmar ta ɗaga da ni.

A sati na uku, wata safiya na fito da buta na gan ta dafe da bango. Tana ƙoƙarin ɗaga dunduniya ta tsaya a kan yatsu. Ta dama ta tashi. Ta hagu ko motsi, kamar an kafe ta da ƙusa. Ta gwada, ta sake gwadawa. Da ta ji motsina ta juyo ta yi min murmushi. Na lura sha-raɓar hagun ta fara zubewa, ta fi ɗayar sirantaka. Amma na ce wa kaina ai radiyo ya ce lafiya.

Inna ce ta gaji da ni. Ranar kasuwa na dawo daga lakwal na tarar da takalman fata a ƙofar gida, ga wani tsoho siriri zaune a tabarma, rawaninsa duk ƙura. Ya gaishe ni da Barbarci, da sunan da ake kiran malamai mata a nan, ya ce, "Wushe, Madan. Ke ce mai hoto?" Kunya ta kama ni, na durƙusa na gaishe shi.

Baba Girema bai tambayi Amsatu ko da zafi ba. Cewa ya yi ta kwanta rubda ciki, ƙafafu su leƙo bakin gado. Ya sa babban yatsansa a sha-raɓar dama ya gangaro har dunduniya. Ya koma ta hagu ya gangaro, sai yatsan ya nutse. Ya matse naman ƙafar dama, tafin ya motsa da kansa. Ya matse na hagu, shiru.

Ya ce, "Madan, kawo yatsanki."

Ya kama hannuna ya ɗora a wurin. Inda ya kamata in ji agara, jijiyar nan mai tauri ta bayan ƙafa, sai na ji rami. Yatsuna biyu suka shige.

Ya ce, "Ni ƙashi nake ɗorawa. Wannan igiya ce ta tsinke. Na gani ga raƙumi, na gani ga sa. Dabba in ta yi haka sai wuƙa. Mutum kuwa allura da zare ne, kuma ba hannuna ba, na lokotoro. Kwana nawa yau?"

Na ce ashirin da huɗu.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Da kun kira ni ranar, da ranar na kore ku zuwa Damagaram." Inna ta miƙa masa goro, ya ɗauki ɗaya ya mayar da saura, ya ce bai yi aikin komai ba.

Da ya fita na juya kan Amsatu, raina a ɓace, ina shirin faɗa. Tana nan kwance, fuskarta a cikin matashi. Ta ce, "Na sani, Yaya. Tun da na ji ƙarar na sani. Na taɓa jin irinta a wurin horo, wata yarinya ce, ba ta sake dawowa ba."

Na ce, "To me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "In ban faɗa ba, sunana yana nan cikin masu tafiya. Kullum na tashi sai in ce ƙila yau ta haɗe."

Ashe ma wata da watanni agarar tana yi mata ciwo tun a can, ta ɓoye wa Madan don kar a cire ta daga gasa. Igiyar ta riga ta sirance, ni na zo na ja ta da ƙarfi don in rufe bakin Hajiya Kubura.

Washegari muka hau kar, babbar motar haya, zuwa Damagaram, ni da ita da Inna. A babban gidan likita na koyi cewa layi ma iri-iri ne. Akwai na karɓar takarda, akwai na buga mata hatimi, akwai na jin cewa mai na'urar ya fita sai gobe. Kwana uku muka yi kafin a yi mata ekogarafi, hoton da ke nuna jijiya. Lokotoron da ya duba mu mutum ne mai sanyin murya, da furfura a gemu. Ya kalli allon, ya rubuta kalma biyu na Faransanci a takarda yana faɗar su a fili: ruptir negilije. Inna ba ta ji ba, ni na ji. Ta farkon tsinkewa take nufi, ta biyun kuwa ita ce kalmar da nake rubuta wa yaro a littafi in ya yi sakaci da aikinsa.

Ya yi mana bayani da Hausa. Ya ce da a satin farko ne, da ɗinki ne kawai, baki da baki. Yanzu bakin sama ya ja ya haye cikin nama kamar igiyar guga da ta kuɓuce, ba za su sake haɗuwa ba. Dole ya ciro wata jijiya ya yi ƙari da ita, kuma wadda ta dace ita ce mai lanƙwasa babban yatsan ƙafa.

Amsatu ta ɗago kai. Ta ce, "Da shi nake riƙe katako."

Ya ce, "Na sani, 'yata, na taɓa ganinki a waya. Za ki yi tafiya, za ki yi gudu ma in Allah ya so. Katako kuwa ban yi miki alkawari ba."

Ni na kira Madan, don Amsatu ta kasa. Na faɗa mata komai da Faransancina na aji. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Me ya sa ba ta gaya min ba?" Kafin in amsa ta ce, "A'a, bari. Ni na koya mata." Ta so a sa ta a jirgi a kai ta can, amma da ta yi magana da lokotoron suka ga kowace rana ƙara nisa take yi, gara a yi a nan. Amsatu ta sa hannu a takardar da kanta.

Sai da muka ƙara kwana shida kafin layin aiki ya zo kanmu. Ba zan ɓoye ba, na yi ƙorafi har na gaji. Komai sai ka je farmasi ka sayo da kanka, tun daga safar hannu har zaren ɗinkin. Dabinon garkarmu na shekarar da ragon da Inna take turke don layya duk can suka tafi. Makewayin majinyata kuwa ba zan ɓata takardata da shi ba. Amma a ɗakin nan ne wata Buzuwa daga Alakos, mai jinyar 'yarta a gadon kusa da mu, take raba cukunta biyu ta ba Inna rabi kullum, ba su ma jin yaren juna sosai. Akwai kuma wata ma'aikaciya gajeruwa da ke zuwa bayan ta tashi aiki ta gyara wa Amsatu matashin ƙafa. Ban san sunanta ba, amma ina sa ta a addu'a.

An shiga da ita da hantsi, aka fito da ita bayan azahar. Maganin barci bai sake ta ba, idonta rabi a buɗe. Sai ta fara magana da Barbarci, yaren da muka zaci ta manta tun tafiyarta Yamai. Ta ce wa Inna ga ta a sama, tana hango kwari, ga Babanmu yana jan ruwa, ga lemo ya yi 'ya'ya. Ta ce kar a kira ta tukuna, ba ta gama juyawa ba. Inna da ba ta taɓa zubar da hawaye gaban mutane ba ta ja gyale ta rufe fuska, ta ce, "Bar ta, Fanna. Wannan karon kar ki sauko da ita."

Muka dawo Gure da ƙafa cikin farar filasta har gwiwa da sanduna biyu na dogarawa. Sati shida tana zaune a rumfa, ƙafar a kan turmi. Filastar tana ƙaiƙayi, zafi yana dafa ta, tana sosawa da tsinken tsintsiya in ba na kallo. Da aka cire, ƙafar ta fito siririya, fatar tana saɓa, ga ɗinki dogo kamar na buhu. Daga nan sai zirga-zirgar Damagaram wurin mai gashin ƙafa da suke kira kine. Ya ba ta aikin gida: ta ja tafin da tawul, ta taka a hankali, ta tsinci ƙwallayen dabino da yatsun ƙafa ta zuba a kwano. Yatsu huɗu suna tsinta. Babban yana taɓa ƙwallon, ya tura shi gaba, ya kasa lanƙwasawa ya kama.

Ranar gasar duniya ita ta ce in kawo waya. Na ce a bari, ta ce in kawo. Muka jingina ta da kwano kamar da. Muka kalli 'yan matan da ta sani ɗaya bayan ɗaya, tana faɗa min sunayensu da wadda take tsoron sanduna da wadda take cin alewa a ɓoye. Sai reso ya yi halinsa, wata yarinya ta tsaya a sama bisa katako. Amsatu ta daɗe tana kallonta. Na miƙa hannu zan ɗaga wayar, ta riƙe ni ta ce in bar ta haka. Da aka gama ta ce an yi wasa mai kyau, ta yi murmushi, ta koma tsintar ƙwallayenta.

Ga abin da nake so mai karatu ya ɗauka. In kun ji ƙara a bayan ƙafar mutum, ko da ya tashi ya yi tafiya, ku ce ya tsaya a kan yatsunsa. In dunduniya ta ƙi tashi, kar ku kwana, kar ku tsaya gashi, kar kuma hoton ƙashi ya rufe muku ido. Ku sa hannu ku taɓa wurin da kanku. Kuma wanda kuka saba yabo da cewa ba ya kuka, shi ne za ku tambaya sau biyu, a keɓe, ba gaban baƙi ba. Ni na yi karatu, na raina tsoho, na kuma yarda da murmushi don shi ya fi min sauƙi.

Madan ba ta yar da ita ba. Duk sati sai ta kira, ta ce gurbinta yana nan, in kuma ƙafa ta ƙi, tana son ta zo ta taya ta horar da ƙanana. Amsatu takan ce tana nan tafe, ƙafa ta kusa. Haka take faɗa wa kowa. Shekararta ashirin da ɗaya yanzu, a wasansu kuwa wannan ba ƙuruciya ba ce.

Wata takwas bayan aikin, wata Juma'a da la'asar, ta ce in raka ta garka. Ta hau tudun da kanta, a hankali, tana hutawa. Muka gangara cikin kwari, iska ta yi sanyi, ganyen dabino yana kaɗawa can sama. Kututturen yana nan inda yake, gara ta ci gefe guda. Ta cire takalma ta ajiye su a jere a bakin rijiya. Ta hau.

Ta miƙe tsaye, ta buɗe hannuwa, bayanta ya miƙe sak, sai na ga yarinyar nan ta cikin waya ta dawo. Taku ɗaya, biyu, uku, huɗu. A tsakiya ta tsaya, ta ɗaga dunduniyoyi za ta juya kamar yadda take yi tun tana shekara biyar. Na ga babban yatsan hagu yana laluben itacen, yana neman abin kamawa. Ƙafar ta goce, ta diro cikin rairayi a tsaye.

Hannuwanta suka fara tashi da kansu. Sun kai kafaɗa, bakinta ya fara buɗewa da murmushin. Sai ta tsaya a haka, ta dubi hannuwan ɗaya bayan ɗaya, ta sauke su. Ta zauna a ƙasa ta jingina da kututturen.

Ta ce, "Yaya, da zafi."

Na buɗe baki, kalmar da ta zo min ita ce daure. Har ta hau harshena. Na haɗiye ta, na zauna kusa da ita na ce, "Ina?"

Ta ce, "Ko'ina. Tun da daɗewa."

Sai ta fashe da kuka, mai ƙarfi, baki buɗe, irin wanda ba ta yi ba ranar hudar kunne, ba ta yi ba ranar da aka sa ta a jirgi tana shekara goma. Masu ban-ruwa a garkar maƙwabta suka ɗago kai, na yi musu hannu suka koma aikinsu. Cikin kukan ta ce gobe in taya ta rubuta wa Madan, ta ba wata gurbin. Na ce to.

Ban ce ta yi haƙuri ba, ban ce ya isa ba. Na bar ta ta yi shi har ya ƙare, sannan na tashi na ɗauko mata takalmanta.